AMSOSHIN TAKARDUNKU: Shin Dole Ne Sai RAM Mai Tambarin Kamfanin Da Ya Ƙera Kwamfuta?

 Takardar da muka zaro a wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Sabon Garin Zariya, wanda yake da shagon buga takardu da fotokwafi kusa da wata makaranta. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce yana da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 3040, irin 'yar gwanjon nan da ake kira tokumbo, mai RAM gigabait 4. Da ita yake buga wa ɗalibai furojet, da ita yake cika masu fom ta intanet, amma yanzu ta koma tafiyar hawainiya, har wasu kan gaji da jira su tsallaka shagon maƙwabcinsa. An ba shi shawara ya ƙara RAM. Da ya shiga kasuwa sai wani mai shago ya ce masa lalle sai mai tambarin Dell, in ba haka ba na'urar za ta ƙone, kuma kuɗin da ya yanka masa ya kusa ninka na wani RAM ɗin Kingston da ya gani a shago na gaba. Shi ne yake so ya ji, shin gaskiya ne maganar ƙonewar nan, kuma in ba gaskiya ba ne, wanne zai saya don kada kuɗinsa ya tafi a banza?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya bar zumunci. Amsar a taƙaice ita ce, ba dole ba ne. Kwamfutarka ba ta karanta tambarin da ke kan sitika. Abin da ta sani shi ne irin RAM ɗin, da ƙarfin wutar da yake sha, da girmansa. In waɗannan suka dace, za ta karɓa ko daga wane kamfani ya fito. In ba su dace ba, ko tambarin Dell goma aka manna masa ba za ta tashi ba. Amma bari mu warware maganar dalla-dalla.

Da farko, don kada mu bar sauran masu sauraro a baya, mene ne shi RAM ɗin? Kowace kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai rumbu, watau had-dis ko SSD, inda takardunka da hotunanka da manhajoji suke kwana ko da an ɗauke wuta. Akwai kuma RAM, inda take ɗora abin da take aiki a kansa a daidai wannan lokaci. Mu da muka taɓa riƙe alli, misalin da ya fi zo mana kusa shi ne allon aji. Littattafai suna cikin kabad, amma darasin da ake yi yanzu a kan allo yake, in an tashi a goge. Malamin da aka ba ɗan ƙaramin allo, rabin lokacin darasinsa a goge-goge da sake rubutu zai tafi, ba don bai iya koyarwa ba. Haka kwamfuta mai gigabait 4 take. Windows kaɗai ta mamaye kusan rabin allon, ka buɗe Word, ka buɗe Chrome da shafuffuka biyar ko shida, shi ke nan wuri ya ƙare, sai ta koma tana kai kaya rumbu tana ɗaukowa. Wannan kai-da-kawowar ita ce nauyin da kake gani.

Sai dai kafin ka fitar da ko kwabo, tabbatar cewa ciwon a nan yake. Lokacin da kwamfutar ta fara nauyi, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Performance ka dubi inda aka rubuta Memory. In ka ga ya cika zuwa kashi 85 ko 90 cikin ɗari, to lalle RAM ne ya yi kaɗan. In kuwa yana tsakiya, amma inda aka rubuta Disk ya kafe a kan ɗari bisa ɗari, to had-dis ɗinka ne ya gaji, kuma maganin wannan shi ne SSD. Da yawa daga cikin irin waɗannan 'yan gwanjo da tsohon had-dis mai juyawa suke zuwa, kuma a gaskiya canjin da SSD ke kawo masu yakan fi na ƙarin RAM fitowa fili. A wannan shafin dai, daga ƙasa, za ka ga an rubuta gurbi nawa ne a cike cikin guraben RAM da na'urar take da su. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Yanzu ga maganar tambari. Malam, kamfanin Dell ba ya ƙera RAM. HP ba ya ƙerawa, Lenovo ma haka. 'Yan baƙaƙen ƙwayoyin nan da kake gani a jere a jikin sandar RAM, wajen kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake yi a duniya daga kamfanoni uku suke fitowa, watau Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na garin Boise a jihar Idaho ta Amurka. Masu harhaɗa kwamfuta saye suke yi kamar kowa. In kana shakka, buɗe murfin taka ka zaro sandar da ta zo da ita, galibi sunan ɗaya daga cikin waɗannan uku za ka gani, wani lokaci ma Kingston ɗin da aka hana ka. Duk wanda ya taɓa riƙe Fijo 504 ya san ba a cewa sai tayar kamfanin Fijo. Lambar taya ake dubawa, Michelin ce ko Dunlop duk tafiya za su yi.

Su kuwa irin su Kingston da Corsair da ADATA da Transcend, sana'arsu ita ce su sayo ƙwayoyin daga manyan, su jera a kan faranti, su gwada, su sa sunansu. Kingston ba ɗan jiya ba ne. John Tu da David Sun ne suka kafa shi a garin Fountain Valley na jihar Kalifoniya a shekarar 1987, kuma da wannan sana'a ta ƙara wa kwamfutocin wasu RAM ya yi suna. Akwai kuma Crucial, wanda reshe ne na shi Micron kansa tun 1996, sai dai a watan Disambar 2025 Micron ya ba da sanarwar rufe wannan reshe don ya karkata kayansa ga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Saboda haka Crucial ɗin da za ka riƙa gani a shaguna ragowar kaya ne ko kuma na hannu, amma wannan bai rage masa inganci ba.

Me ya sa kayan wannan yake shiga na'urar wancan? Domin akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna JEDEC, inda kamfanonin suke zama su amince da ma'auni guda: tsawon sanda, yawan haƙoranta, ƙarfin wuta, da saurin aiki. Sa'an nan a jikin kowace sanda akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ake kira SPD, wadda ita ce kamar katin shaidarta. Da ka kunna kwamfuta sai ta karanta wannan kati, ta san girman baƙuwar da saurinta, ta daidaita kanta. Abin ya yi nisa ƙwarai daga inda aka faro. Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro wannan nau'in ma'ajiya, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1968, kuma ƙwayar da Intel ya fitar kasuwa a 1970 ɗigon bayani 1,024 kacal take ɗauka. Sai an tara irinta fiye da miliyan 67 kafin a sami abin da ke cikin sandar gigabait 8 guda ɗaya da za ka sa a aljihun riga.

To ina wurin da mutane ke faɗawa rami? A wajen zuriya. RAM ɗin kwamfutar tebur hawa-hawa ne. DDR na farko ya fito a 2000, DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 ya shiga kasuwa a 2014, DDR5 kuma a ƙarshen 2021. Babu wanda yake shiga gurbin wani. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, DDR4 da DDR5 kuma 288, amma a tsakanin haƙoran akwai wata wushirya, kuma kowace zuriya da inda tata take. Da gangan aka yi haka, don kada a sa wanda bai dace ba. Ƙarfin wutar ma ya bambanta: DDR2 bolt 1.8, DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1. Sa'an nan a cikin gidan DDR3 akwai ƙane mai suna DDR3L, wanda yake aiki da bolt 1.35. Wushiryarsu ɗaya da yayansa, ido ba ya bambance su, sai an karanta rubutu.

A nan ne taka ta shigo, kuma ka saurara da kyau. A ƙarshen 2015 Dell ya fitar da 'yan uwa uku, OptiPlex 3040 da 5040 da 7040. In ka jera su a kan tebur kamar an tsaga kara. Amma 7040 DDR4 take sha, su kuwa 3040 da 5040 DDR3L ne abincinsu. Mai shago da ya saba da 7040, ko wanda ya ji shekarar na'urar ya yi kintace, zai iya miƙo maka DDR4 da zuciya ɗaya, ka kai gida ya ƙi shiga. Wani kuma ya ba ka DDR3 zalla mai bolt 1.5, ya shiga gurbi lafiya lau, amma ba shi aka tsara wa na'urar ba, tana iya ƙin tashi. Taka, a bisa littafinta, gurbi biyu gare ta, DDR3L mai saurin 1600 take so, kuma iyakarta gigabait 16, watau 8 a kowane gurbi. In kuma taka 'yar ƙaramar nan ce mai kamar littafi da ake kira Micro, to gajeriyar sanda irin ta laftof take ɗauka, mai haƙora 204, ba doguwar ba.

Yanzu bari in koya maka karatun sitika, domin shi ne makamin da za ka shiga kasuwa da shi. A jikin sandar da ta dace da kai za ka ga rubutu kamar haka: 8GB 2Rx8 PC3L-12800U. Na farko girma ne, ba ya buƙatar bayani. PC3L shi ne DDR3L, kuma harafin L ɗin nan shi ne abin nema, in babu shi ka ajiye masu kayansu. Lambar 12800 ita ce saurin 1600 ɗin da muka faɗa, an ninka shi sau takwas ne. In ka ga 10600 to mai saurin 1333 ne, ya fi wancan sanyi. Amma harafin ƙarshe ya fi duk sauran haɗari. U yana nufin doguwar sanda ta kwamfutar tebur, ita kake so. S gajeriya ce ta laftof da irin su Micro. R kuwa da E na manyan injinan kamfanoni ne da ake kira saba. Irin masu R ɗin nan sun cika kasuwa kuma ga arha, domin in manyan cibiyoyi a Turai da Amurka suka sauya injinansu, buhu-buhu ake kwaso su. Za ka ga gigabait 16 a kan kuɗin da bai kai na 8 ba, ranka ya biya. Zai ma shiga gurbin taka daram, amma kwamfutar ba za ta ko motsa ba. Mai E wani lokaci yakan yi aiki a wasu na'urori, sai dai ban ga dalilin da zai sa mai neman abinci da na'ura ɗaya ya yi caca da shi ba.

Shi kuwa 2Rx8 ko 1Rx8, bayani ne kan yadda aka jera ƙwayoyin. A wajenka duka biyun za su yi. Amma masu tsofaffin kwamfutoci na zamanin Core 2 Duo da ke shan DDR3 su kula: wasunsu ba sa gane sandar gigabait 4 mai ƙwaya takwas a gefe ɗaya, sai mai goma sha shida, takwas a kowane gefe.

Masu DDR4 da DDR5 ma ga taku. Akwai sanduna masu ƙyalƙyali, da rigar ƙarfe, wasu har da fitilu kala-kala, waɗanda aka yi domin masu wasannin kwamfuta. Saurin da aka rubuta a kwalinsu, misali 3200 ko 3600, sau da yawa ba ya samuwa sai an kunna wani tsari da Intel ke kira XMP, AMD kuma ke kira EXPO. Kwamfutocin ofis irin su OptiPlex galibi ba su da wurin kunna wannan. Saboda haka za ka biya kuɗin doki a ba ka tafiyar jaki, domin sandar za ta sauko ta yi aiki a kan 2133 ko 2400. Ga kuma rigar ƙarfen da kan yi tsayi ta hana murfin siririyar kwamfuta rufuwa. Koriyar sanda tsirara, wadda ba ta da ado, ita ce daidai da na'urar ofis.

Nawa za ka ƙara? A nan lambar da na ce ka riƙe za ta yi amfani. In gurbi ɗaya ne a cike, watau sandar gigabait 4 guda, kana da zaɓi uku. Ka ƙara wata 4 ka sami 8. Ka ƙara 8 ka sami 12. Ko ka cire tsohuwar ka sa 8 biyu ka sami 16. Masana sukan ce a sa biyu iri ɗaya, domin kwamfuta tana ɗiba daga sanduna biyu a lokaci guda, kamar mai jan ruwa da guga biyu, kuma wannan gaskiya ne. Amma ga aikin buga takardu da cika fom, bambancin bai kai a yi asarar barci a kansa ba. Yawan wurin shi ne magana. Ni a ganina, ka sayi 8 guda ka sa kusa da 4 ɗinka, 12 ta ishe ka har da ragi. In kasuwa ta yi kyau daga baya ka musanya ƙaramar. Haɗa Kingston da Samsung a na'ura ɗaya ba laifi ba ne, yawanci suna zama lafiya, illa dai in saurinsu ya bambanta duka biyun za su bi tafiyar mai sanyin. In kuwa ka tarar guraben biyu duk a cike suke da 2 da 2, to dole ɗaya ta ba da wuri.

Wani abu kuma da kan sa mutum ya zagi mai shago a banza. Windows iri biyu ce, mai bit 32 da mai bit 64. Mai 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, hasali ma uku da 'yan kai take gani. Wasu masu gyara kan ɗora ta a kan na'ura mai ƙaramin RAM. Shiga Settings, sai System, sai About, ka duba. In mai 32 ce, sai an sake ɗora mai 64 kafin ka ci moriyar abin da ka saya, kuma a kwashe takardun ɗalibai a ajiye a wani wuri kafin a fara.

Mu koma kasuwa. Da yawa daga cikin DDR3L da ke yawo yanzu na hannu ne, an zaro su daga wasu na'urori. Kada wannan ya tsorata ka. RAM ba batir ba ne da ke tsufa da caji, ba shi da wani abu mai juyawa da zai cinye, mai lafiya yakan yi shekaru masu yawa yana aiki. Ni da a ba ni sabo fil a leda mai sunan da ban taɓa ji ba, gara a ba ni tsohon Samsung ko Hynix da aka cire daga wata kwamfutar ofis. Inda matsala take shi ne jabu. Buga sitika ba wuya, kuma manyan sunaye su aka fi kwaikwayo. Dubi rubutun, in ya yi dishi-dishi ko ya karkace ka yi hattara. Dubi ƙwayoyin, su zama iri ɗaya, rubutunsu a fili, ba kamar an kankare an sake ba. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z, wadda take karanto katin shaidar nan na SPD ta nuna maka sunan kamfani da girma da lambar kaya. In abin da ta nuna ya saɓa wa sitika, magana ta ƙare.

Abin da ya fi duk wannan, Malam, ka ɗauki akwatin kwamfutar ka sa a Keke Napep ka tafi da shi shagon. A sa a gabanka, a kunna a gabanka, ka ga lambar ta hau. Sa'an nan a rubuta maka rasit, a sa lambar sandar, a kuma rubuta kwana nawa aka ba ka ka dawo da ita in ta ba da matsala. Ba a baki ba, a rubuce. Dalili shi ne, RAM mai ɗan lahani yana iya tashi lafiya a shago, sai bayan kwana biyu ka ga fuskar kwamfuta ta koma shuɗiya ta mutu a tsakiyar babi na huɗu na furojet ɗin wani. Saboda haka daren farko ka gwada shi. Windows tana da nata magwaji, rubuta Windows Memory Diagnostic a wurin nema za ta fito. Wanda ya fi shi tsanani shi ne MemTest86, a ɗora a filas a bar shi ya yi ta zagaye na wasu awoyi, in wuta ta yarda. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, mayar masu. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, ko ya ƙi rubuta ranar dawowa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

In kai za ka sa da hannunka, aikin minti biyar ne. Kashe na'ura, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa sandar, musamman lokacin hunturu, lokacin da in ka cire rigar sanyi kake jin tana ƙyas-ƙyas. Wannan 'yar wutar jiki da ba ka ɗauke ta a bakin komai ba tana iya kashe ƙwaya. Riƙe sandar ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. Hure ƙurar da ke cikin gurbin, buɗe 'yan maƙallan da ke bakinsa, daidaita wushirya da ɗan tudun da ke ciki, ka danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas. In ka kunna ka ga ba hoto, fitilar maɓallin tana ƙyafta ruwan lemo, kada gabanka ya faɗi. Mafi yawan lokaci ba ta zauna daidai ba ne. Zare wuta, cire, sake dannawa. In ta ƙi, gwada kowace sanda ita kaɗai don ka gane mai laifin.

Maganar ƙonewa kuwa, RAM ɗin wani kamfani da ya dace da ma'auni ba ya ƙona kwamfuta. Abin da ke ɓata ta shi ne a tura sanda da ƙarfin tsiya a inda wushirya ba ta dace ba, ko a sa hannu a ciki alhali wuta na jiki. Wanda ya fi su ɓarna a wajenmu kuwa kowa ya san shi, wutar da ke hawa da sauka da ta janareto. Rarar kuɗin da za ka samu in ka bar mai tambari, ka tara ka sayi sitabilaiza ko UPS.

Don mu yi wa mai shagon adalci, RAM mai tambarin kamfani ba yaudara ba ce a kan kanta. Abin da ake biya a kai shi ne an riga an gwada shi a wannan ƙirar, kuma in wani abu ya faru ƙofa ɗaya za a ƙwanƙwasa. Banki ko ma'aikata mai kwamfuta ɗari biyar da yarjejeniyar gyara, wannan ya dace da su. A Amurka ma akwai doka tun 1975, mai suna Magnuson-Moss, da ta hana kamfani ya soke garanti don kawai an sa kayan wani. Kai dai wannan bai shafe ka ba, domin garantin na'urar 2015 ya daɗe da ƙarewa tun kafin ta hau jirgin ruwa. Mai sabuwa kuwa ya karanta takardar garantinsa, ya kuma adana sandar asali, in za a kai gyara ya mayar da ita.

Akwai inda duk wannan bayani ba ya aiki. Kwamfutocin Apple da suka fito daga ƙarshen 2020 da ƙwaƙwalwar M1 da waɗanda suka biyo ta, RAM ɗinsu a haɗe yake da ƙwaƙwalwar, ba a cirewa ba a ƙarawa, abin da ka saya da shi za ka zauna. Wasu ƙananan kwamfutoci na wasu kamfanoni ma a liƙe nasu yake. A tambaya kafin a saya.

Game da farashi, ba zan yanka maka lamba a nan ba, domin RAM kamar tumatir yake, yau kwando ya yi arha gobe ya gagara. Tun da kamfanonin da ke yin sa ba su da yawa, abu kaɗan ke girgiza kasuwar. A 1993 wata masana'antar Sumitomo ta yi bindiga a Japan, wadda take yin sinadarin da ake lulluɓe ƙwayoyin da shi, farashi ya tashi a duniya. A 2013 gobara ta kama masana'antar SK Hynix a birnin Wuxi na ƙasar Sin, aka sake ganin haka. A ƙarshen 2025 kuma ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan cibiyoyin fasahar ƙirƙirarriyar basira suna wawashe abin da ake ƙerawa. Ka ɗora canjin dala a kai. Zagaya shago uku ko huɗu ka ji bakinsu kafin ka ciro kuɗi.

Sai dai kada ka zuba wa wannan na'ura dukiya fiye da kima. Ƙwaƙwalwarta 'yar zuriya ta shida ce ta Intel, ita kuwa Windows 11 a hukumance daga zuriya ta takwas take farawa, kuma Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba bayarwa kyauta tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Ranar da ka sauya kwamfuta, sandar DDR3L ba za ta bi ka sabon gida ba, amma SSD zai bi ka. In kuɗin ba zai kai duka biyun ba, abin da shafin Task Manager ya nuna maka shi za ka fara yi.

To Malam, da fatan ka gamsu, kuma muna sauraron takardarka ta biyu ka gaya mana yadda aka kwashe a kasuwa. Masu tambaya a kan firinta da tawadarta, takardunku sun iso, suna kan layi.